Dutsen Niƙan Emelot da Mijin Ida

Idan ka hango Emelot daga baya, sai ka rantse mutum biyu aka haɗa aka yi mace ɗaya. Kafaɗar dama ta maƙeri ce, ta hagu kuwa ta ɗan tsako. Juya dutsen niƙa ne ya mai da ita haka, tun tana yarinyar da sai ta taka kututture hannunta ke kai wa ga sandar. Na sha gaya mata ta riƙa sauya hannu ko ta daidaita kafin a zo auna mata akwatin gawa, kada kafinta ya sha wahala. Amsarta kullum ɗaya ce: "Jossin, kai da bakinka ya fi ka girma, wa zai iya auna naka?"

Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata a nan Brimel, shingen ma na ƙirare, muna jin tarin juna. Ta girme ni da shekarun da ba ta yarda a faɗa ba. Ina ce mata Yaya idan gishiri nake nema, ina ce mata Uwar Dutse idan fitina nake nema. Karatuna bai taka kara ya karya ba, ɗan abin da limamin cocinmu ya ɗura mini da bulala ne, amma labarin nan ba a takarda na same shi ba. Ta kan shinge na gan shi.

Dutsen kansa ba wani abin kallo ba ne. Baƙaƙen duwatsu biyu ne masu faɗi, uwa a ƙasa, 'ya a sama, da rami a tsakiya inda ake zuba hatsi, da sanda a gefe ta juyawa. Sai dai a duk faɗin ƙasar Ardeval shi kaɗai ne dutsen da ke da rantsuwa a kansa.

A fada za su ce maka uban ƙasarmu na farko, Odart Mai Kunne Ɗaya, jikan sarakuna ne. Mu a Brimel mun san mahayi ne mai doki ɗaya, wanda mutanen arewa masu dogayen jirage suka sare wa kunne a bakin kogi, ya sheƙo yana jini ya buga ƙofar kakar kakannin Emelot. Mijinta ba ya gida, don haka ba ta bar shi ya shiga ba. Ta niƙa sha'ir, ta gasa masa gurasa a toka, ya ci a tsaye a bakin ƙofa, kansa ba hula, don hular ta tafi tare da kunnen. Da ya tara mutane ya kori masu jiragen, sarki ya ba shi ƙasar nan, sai ya dawo ya rantse: matan gidan nan su niƙa hatsinsu da dutsensu har abada, ba mai hana su. Kuma duk wanda zai gaji kujerarsa, sai ya zo ya tsaya inda ya tsaya, ya tuɓe hula, ya cinye gurasar sha'ir guda da aka niƙa da dutsen nan.

Haka kuwa aka yi ta yi. Odart Ƙarami ya zo ya ci, shi ya gina hasumiyar kan tudu. Bayansa aka yi wasu da ba su tsinana komai ba sai haihuwa, su ma sun ci. Gautier Mai Tumbi ya ci har ya nemi ƙari, sannan ya je ya gina gidan niƙa a bakin rafi, wanda ruwa ke juya dutsensa, ya ce dole kowa ya kai hatsinsa can a ɗebi rabon fada a kowane buhu. Ya kwashe duwatsun mutane kaf, amma na gidan su Emelot bai taɓa ba. Huon na Farko ya ci ya tafi yaƙin Ƙudus, takalmansa kawai aka dawo mana da su. A nan ne aka ga nauyin gurasar. Ɗansa na can coci yana kuka a kan takalma, sai ƙanen marigayin, Renaut Sarkin Sauri, ya sako doki ya cinye gurasar da aka gasa wa magajin. Mayaƙa suka ce wanda ya ci shi ne uban ƙasa, magana ta ƙare. Zuriyar wanda aka yi wa wayon har yau suna wata tsohuwar hasumiya mai yoyo a bakin daji, suna cizon yatsa.

Emelot tana sabuwar amarya ta ciyar da Huon na Biyu, ɗan Renaut. Mijinta Foukart mai saran itace ne, kuma shi ya tare a gidanta, tunda dutse ba ya bin miji. Huon ya cinye, ya yi gyatsa, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ta ce masa kakansa babu gishirin ma ya ci, kuma bai yi surutu ba. Mutumin kirki ne Huon, malalaci, ba abin da ya dame shi sai tsuntsayen farauta. A zamaninsa duwatsu suka riƙa komowa gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya gani ya kau da kai. Ita kuwa Emelot ta yi ta juya nata. Da shi ta ciyar da 'ya'yanta, da waɗanda suka rayu suka watse duniya da waɗanda ta binne. Ranar da bishiya ta faɗo wa Foukart, bayan an dawo daga maƙabarta, na ji gurnanin dutsen ta shinge har rana ta faɗi. Ranar ban tsokane ta ba. Ina faɗa ne don ku san ni ma ina da tarbiyya.

Huon ya tsufa ya rasu bayan ya binne 'ya'yansa maza biyu, ɗaya doki ya kayar da shi, ɗaya zazzaɓi ya ɗauke. Saura 'yarsa Ida, mace mai hankali, wadda ta auri wani Amauri daga can kudu inda suke wanka da ruwan inabi. Shi aka ce zai riƙe ƙasar. Ya zo da dawakansa da turarukansa da wani wakili siriri mai suna Pons, mai tafiya kamar ƙasa na bin sa bashin gaisuwa.

Bayan girbi sai ga Pons a ƙofar Emelot, bara na biye da shi da akushin azurfa. Ni kuwa na riga na kafa haɓa a kan shinge.

Ya ce, "Ke ce mai gurasar?"

Ta ce, "Ni ce mai gidan. Kai ne wa?"

"Wakilin uban ƙasa."

"Ayya. Ai uban ƙasa ya rasu, mun binne shi. Ba a gaya maka ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ji haushi, haka take. Ko limami sai ya faɗi sunan ubansa kafin ta ba shi kujera."

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Maigidana ya ji kuna da wata 'yar al'ada, kuma ba ya son ɓata muku rai. Ki gasa abin, ga akushi, a kai masa ya ɗanɗana a teburinsa, a wuce wurin."

Emelot ta leƙa akushin, ta ga fuskarta a ciki, ta gyara ɗankwali. Ta ce, "Gurasata ba ta hawa tudu, ranka ya daɗe, ba ta da ƙafa. Shi yana da biyu, dokinsa yana da huɗu."

"Ke tsohuwa, so kike mutum kamar Amauri ya tsaya a ƙofar bukka, kai ba hula, masu kiwon aladu na kallonsa?"

"Waɗanda suka tsaya kafin shi ba su mutu ba."

Na ce, "Sun mutu mana, Yaya. Duka."

"Rufe mini baki, marar kunya, ba gurasar ce ta kashe su ba!"

Pons ya juya da akushinsa wayam. Ran Lahadi aka yi shela a ƙofar coci cewa an ta da tsohuwar dokar Gautier Mai Tumbi: duk dutsen niƙa da ke cikin gida na fada ne, ba a ware ko ɗaya ba. Washegari dakaru suka shigo da amalanke suna bi gida gida. Namu matata Sedile ta miƙa tana kuka. Da suka iso na Emelot sai suka tarar ta zauna daram a kan dutsen, ta naɗe hannu.

Ta ce wa Pons, "Akwai rantsuwa a kan dutsen nan."

Ya ce, "Wanda ya rantse ya zama ƙasa. Maigidana bai rantse wa kowa ba."

"Shi ya sa bai zama komai ba."

Dakaru biyu suka ɗauke ta cak kamar tukunya, suka dire ta a kan tarin kabejinta. Ta ciji ɗaya da haƙoran da suka rage mata. Aka loda dutsen. Ba su ma ajiye duwatsun a rumbu ba. Pons ya sa aka daɓe farfajiyar fada da su, a kife, don dawakai su riƙa takawa, kuma duk wanda ya je kai gaisuwa ya bi ta kan dutsen uwarsa.

Mu dai muka sunkuyar da kai muka riƙa kai hatsi bakin rafi. Emelot ta ce ƙwayar hatsinta ɗaya ba za ta ga cikin gidan niƙan nan ba. Ta koma dafa sha'ir ɗinta tsaba, ba niƙa ba daka, tana mamula da dasashi. Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanya, ita tana nan a kan dafaffen sha'ir. Sedile ta kai mata burodi, ta dawo da shi. Na kai da kaina na ce aljanu ne suka niƙa, ta ce in mayar wa aljanun.

Na ce, "Uwar Dutse, kin ga wuyanki kuwa? Ko kazar da za a yanka ta fi ki nama. In kin mutu wa zan riƙa zagi da safe?"

Ta ce, "Ka zagi matarka, ta fi ni haƙuri. Jossin, tun daga wadda ta ciyar da Odart babu macen gidan nan da ta ci garin wani. Ba a kaina za a fara ba."

Raha nake yi, amma kunnena na kan shinge. Tarinta ya sauya. Wata safiyar sai na jira na jira kafin in ga hayaƙi a rufinta.

Tunda ba ni da takobi, sai na yi da abin da nake da shi. A kasuwa aka tambaye ni wa ya ƙara kuɗin tsallaka gada, na ce mijin Ida ne. Aka kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo babu mai cewa uban ƙasa daga nan har iyaka. Mijin Ida ya fita farauta. Dokin mijin Ida ya yi gurgunta. Limami ma bakinsa ya suɓuce a cikin addu'a, sai da ya yi tari ya gyara. Kuma ba mu kaɗai ba. Mayaƙan da ke riƙe da ƙauyuka, waɗanda ya kamata ran idin Ista su zo su sa hannuwansu cikin nasa su yi masa mubaya'a, sai kowa ya fara aiko uzuri tun da sauran lokaci. Wannan ƙafa ke ciwo. Wancan matarsa ce za ta haihu, matar da jikokinta suka yi gemu. Ba don suna son Emelot ba ne. Iyayensu ba su taɓa yin mubaya'a ga wanda bai ci gurasa ba, kuma kowa na jira ya ga inda iska za ta kaɗa.

Ƙanƙara na fara narkewa sai ga baƙo a kan wani doki mai kama da tsani. Engelran ne, babban mutanen hasumiya mai yoyo, jikan wanda aka cinye wa gurasa. Tun daga bakin rijiya ya tuɓe hula.

Ya ce, "Iya, kin san ni. Jinin Odart ne ni ta wajen uba, ba ta wajen gadon aure ba. Ki daka sha'ir a turmi ki gasa mini. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ni."

"Ranar da na hau, da hannuna zan dawo miki da dutsenki."

"Dawo da shi tukuna, sai mu yi zancen hawa. Ba dutse, ba gurasa. Shi mijin Ida ya ƙwace mini, kai kana so in yi ƙarya. Ban ga na zaɓe a cikinku ba."

Amma da ta ga yadda yake kallon tukunyarta, tausayi ya kama ta, ta zubo masa dafaffen sha'ir a ƙwarya. Ya ci a tsaye, ya yi godiya, ya tafi.

Ni kuma sai na tuna ina da ɗan hatsin da zan kai niƙa. Mai gidan niƙan nan kunnen fada ne, kowa ya sani. Ina jiran layi na ce, "Kai, duniya! Yau na ga Engelran a ƙofar Emelot, a tsaye, kai ba hula, yana tauna." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma duk gaskiya ne. Ba wanda ya tambaye ni abin da yake taunawa.

An ce a ranar Ida ta shiga wurin mijinta ta rufe ƙofa, ta ba shi labarin Renaut Sarkin Sauri tun daga farko. Kashegari da hantsi sai ga Pons, ba akushi, da amalanke da dutse ɗaya a kai, duk kashin doki.

Ya ce, "Iya, an tashi lafiya?"

Na ce, "Kai! Yau Iya ce? Yaya, kin haihu ba ki gaya mini ba?"

Ya juya wajen Emelot. Ya ce, "Me kika ba mutumin bakin daji jiya?"

Ta ce, "Abin da nake ci."

"Ga dutsenki. Maigidana zai sauko kafin Ista."

Emelot ta sa aka sauke, ta watsa masa ruwa, ta shafa da tafin hannu, ta kama sandar ta juya sau ɗaya. Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Na Sedile ne, ga inda Jossin ya fasa gefen da gatari yana maye. Sedile! Zo ki ɗauki kayanki."

Sedile ta fito kamar an harbo ta. Pons ya ce a tsaya, wannan fada zai koma.

Emelot ta ce, "To a mayar. Amma ka ji, ranka ya daɗe, idanuna sun tsufa, kuma ba sa son ganin dutse na hawa tudu. Duk ranar da ɗaya ya koma, na daina dubawa. Sai ku nemo nawa da kanku."

Ta ina za su nemo? Duwatsun a kife suke, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya a idon mutumin kudu, kuma ba wanda ya damu ya lura da inda aka sa wanne. Pons ya ce ta hau amalanke a kai ta fada ta nuna. Ta ce ƙafarta ba za ta taka dutsen maƙwabta ba, kuma dutse ba a gane shi sai an juya shi a gida. Ya dubi Emelot, ya dubi hanyar daji, ya lissafa kusantowar Ista. Ya bar wa Sedile dutsen.

Daga ranar ƙofar Emelot ta zama kasuwa. Amalanke ta sauko da uku, ta sauko da biyar. Tsohuwar ta zauna a kan kujera lulluɓe da bargo kamar alƙali, a wanke, ta shafa, ta juya, ta yanke hukunci. "Na matar mai gyaran ganga ne." "Na gwauruwar bayan coci ne, ku kai mata, ba ta iya ɗauka." "Wannan na ƙauyen gaba ne, a aika musu." Wani lokaci ta gane tun yana kan amalanke, amma sai ta ce a dawo bayan ta huta. Pons yana tsaye yana cizon leɓe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya farfajiya? An ce ta yi kyau, kamar aladu sun kwana suna tono."

Ya ce, "Kai kuma akwai ranar da zan sa a yanke harshen nan."

"A yanke, ranka ya daɗe, amma a kawo wa Emelot ta duba ko nawa ne."

Da yamma na ce mata, "Yaya, gaya mini gaskiya, naki ya riga ya zo kin ba wani ya ɓoye, ko?"

Ta girgiza kai. Babu wasa a fuskarta. Ta ce, "Bai zo ba, Jossin. Kullum ina duba amalanken tun daga kan gada. Bai zo ba."

Ya zo ne a ƙarshe, kuma Ida ce da kanta ta rako shi, a ƙafa, bakin rigarta duk laka. A daidai bakin ƙofar fada aka same shi, inda manyan amalanke ke bi. Uwar tana nan lafiya. 'Yar ta rabe gida biyu.

Emelot ba ta nemi ruwa ba, ba ta juya komai ba. Ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta haɗa ɓarin biyu, suka rabu, ta sake haɗawa. Duk surutun mutane ya mutu.

Ida ta ce, "Iya, ki yafe mana. A hannunki babana ya ci."

Sai Pons, da ba ya iya ganin wuta bai hura ba, ya ce, "To, shi ke nan. Dutse ya mutu, al'ada ta mutu. Ba mai ci, mu ko na bakin daji. Sai a kai hatsi bakin rafi kamar kowa."

Emelot ta ɗago. Ta ce, "Wa ya gaya maka ya mutu? Kai likitan duwatsu ne? Jossin, tsayuwar me kake yi kamar turke? Kira mini maƙeri."

Maƙerinmu ya zo ya duba, ya ce zai iya ɗaure ta da zoben ƙarfe kamar ganga, amma tsagar za ta riƙa zubar da tsakuwa a cikin gari har sai ta goge, kuma gogewar ba yau ba. Ta ce ya ɗaure. Ya hura wuta, ya sa zoben da zafinsa, ya watsa ruwa, ƙarfe ya matse. Da ta kama sandar, hannun ya ƙi. Sanyin nan ya cinye ƙarfinta. Na miƙa hannu in taya ta, ta buge shi. Ta ce namiji bai taɓa juya dutsen nan ba, ba kuwa za a fara da malalacin Brimel ba. Ta sa hannu biyu, ta ciji leɓe, dutsen ya motsa. Kukansa ya sauya, ya koma kamar tsoho mai minshari, amma gari na fita.

Amauri ya sauko ana yayyafi, ana jibi Ista. Duk Brimel ta fito, da mutanen ƙauyukan kewaye, da mayaƙan nan masu ciwon ƙafa, duk sun warke. Can kan gangare kuma ga wani doki mai kama da tsani, mai shi na kallo. Dogo ne Amauri, kyakkyawa, ba zan hana shi ba. Ya sauka, ya dubi ƙofar, ya dubi lakar da ke gabanta, ya nemi ya sa kai ciki.

Emelot ta tare ƙofar. Ta ce, "Nan ake tsayawa, ranka ya daɗe."

Ya tsaya. Ta kalli hularsa. Ya kalli Ida. Ya tuɓe, ruwa ya fara sauka a kan gashin da aka sha wahalar tajewa. Ta miƙa masa gurasar da zafinta, toka-toka, faɗinta ya kai tafin hannu biyu.

Ya gatsa. Na rantse har inda nake na ji ƙarar, ƙurus, kamar doki na cin tsakuwa. Ya daina tauna. Idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Tsohuwa, haka gurasarku take a ƙasar nan?"

Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, da laushinta muka san ta. Tsakuwar ta farfajiyarka ce. Na ga bai kamata in riƙe maka kaya ba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka toshe masa baki. Fuskar Amauri ta yi ja har kunne, hannunsa na hagu ya sauka kan ɗamarar takobinsa. Emelot ba ta ko ƙifta ba. Tana tsaye, ƙashi da fata, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ida ta ce a hankali, "Duka ake cinyewa, maigida." Ya ɗaga ido ya dubi gangare, ya dubi mayaƙa. Ya sake gatsa. Ya daɗe yana fama, mu kuwa ba mu da sauri. Da ya haɗiye lomar ƙarshe, Ida ta raɗa masa kalmomin, ya faɗa da ƙarfi, yana dafe da muƙamuƙi: "Dutsenki naki, garinki naki. Ba mai hana matan gidan nan niƙa, ni ko na bayana."

Sai a lokacin Emelot ta ɗan rusuna, ba sosai ba. Ta ce, "Allah ya ja zamanin uban ƙasa."

Mai dokin kan gangare ya juya ya nufi daji. Ran Ista mayaƙa suka yi mubaya'a. Bayan idi Pons ya zago da amalankensa neman sauran duwatsun, tunda su ba rantsuwa a kansu. Abin mamaki, bai sami ko ɗaya ba. Namu ɓarayi suka sace. Na matar mai gyaran ganga ya faɗa rijiya. Gwauruwar bayan coci ta ce ita ba ta ma san kamannin dutsen niƙa ba. Ya zazzage katifu, ya soki tarin ciyawa, ya tafi yana zagi da yaren kudu. Har yau in ka bi ta Brimel ka ji ƙasa na gurnani daga wajen turken awaki, to tsawa ce, ka wuce abinka.

Amma bari in koma ranar yayyafin. Da taro ya watse, na leƙa ta shinge na ga ta tono gurasa ta biyu daga toka. Ta zauna a dokin ƙofa, ta gutsura, ta jiƙa a ruwan zafi, ta sa a baki. Rabonta da gurasa tun girbi. Tana ci tana tofar da tsakuwa, hawaye na bin kumatunta, tana kuma murmushi.

Na ce, "Yaya, a ɗan sam mini mana. Ai da ni aka yi yaƙin."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai wace ƙasa ka gada?"

Ta juya mini baya ta cinye abinta.